Kamfanin Ƙofar Gidanmu

Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Kabo, kuma duk ɗalibar da ta taɓa zama a ajina ta san akwai kalma guda da ba na wuce ta da sauri. Da mun iso kanta a littafi sai in ajiye alli, in ce su faɗa mini me ake nufi da kamfani. Amsar kullum iri ɗaya ce: ƙaton gini, dogon bututu mai hayaƙi, ƙofar ƙarfe da maigadi mai ɗaure fuska. Wata ta taɓa ce mini kamfani shi ne inda ake korar mutum ba a gaya masa dalili. Na ce ta zauna, ba ta yi ƙarya ba, amma ba daga nan aka faro ba.

Kalmar da Bature ke cewa company, wadda mu muka lanƙwasa ta koma kamfani, tun asali ba ma tasa ba ce. Aro ya yi a wurin Faransawa, su kuma suka gada daga Latin, harshen Rumawan da. Guntaye biyu aka haɗa: com, wato tare, da panis, wato burodi. Mutanen da ke gutsurar burodi ɗaya ke nan, abokan ci. Daga baya aka riƙa kiran ƙungiyar sojoji da sunan, da 'yan kasuwar da suka haɗa kai, har aka gangaro kan gini mai bututu. A kwalejin horon malamai na ji wannan, daga bakin wani malaminmu da ya faɗe shi a tsaitsaye yana goge allo. Sauran 'yan ajin ko a jikinsu. Ni kuwa sai da na yi dariya a fili, don abin da Rumawa suka haɗa kalma biyu kafin su faɗa, mu a Getso kalma ɗaya muke da ita, ciyayya, kuma kullum ta Allah ana yin ta a ƙofar gidanmu.

Bari in yi bayani saboda 'yan birni, waɗanda suka tashi kowa da farantinsa da cokalinsa. Da an idar da sallar magariba, magidantan layinmu sai su baje tabarmi a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidanmu. Kowane gida yara su fito da kwanon maigida a rufe, a jera a tsakiya. Ba wanda zai ja nasa gabansa. Dattijon da ya fi kowa shekaru, wani tsohon mahauci mai kaifin baki da muke ce wa Baba Tsoho, shi ke nuna kwanon da za a fara buɗewa da sandarsa. A sa hannu gaba ɗaya, in an gama a jawo wani. Ba a cewa wannan na gidan wane ne, ko da yake kowa ya san langar gidan kowa. Baƙo in ya faɗo, sai ya ƙoshi ake tambayarsa daga ina. Baba, mahaifina, manomin gero da dawa da wake ne, mutum marar yawan magana, amma in ba ciwo ya kwantar da shi ba, ba ya fashin wannan zama.

Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya tafi Kano ya shiga wata masaƙa, ya yi shekara da shekaru yana tsaye a kan inji. In ya zo gida ƙarshen wata, ƙamshin turarensa kan riga sallamarsa shigowa. Ga dogayen burodi a leda, ga gwangwanin madara, wani lokaci har da turmin atamfa na Inna, mahaifiyata. Kuma ba ya buɗe baki bai ce "kamfaninmu" ba. Kamfaninmu ya kawo sabon inji. Kamfaninmu ya raba mana huluna. Kamfaninmu ya ce za a ƙara wani gini. Baba Tsoho kan ce masa, "To ɗan kamfani, matso. Yau kamfanin naku ya yarda ka ci tuwon dawa?" Shi kuma ya kwashe da dariya, ya yayyaga burodin ya bi kowa da shi.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka Baba ba ya iya faɗar sunana, Baffa kuma Uwata yake kirana. Da na gama sakandare ana ta kai-kawo kan ko in ci gaba ko in zauna, shi ya tako tun daga Kano ya zauna a zauren Baba, ya ce ba zai tashi ba sai an ce uwarsa za ta kwaleji. Aka kuwa ce. Don haka in na ce ina son Baffa, kada wani ya ɗauka burodi nake nufi.

Sai ga shekarun nan da masaƙun Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na dawo hutu a tsakiyar damina, lokacin marka, na tarar Baffa ya tattaro da matarsa da 'ya'yansa da gado da katifa, sun sauka a tsohon sashen kakata da ke bayan namu, danga kawai ta raba mu. Ya rame. Ga wani tari da ya kwaso na ƙurar auduga, in ya fara sai ya dafa bango. Bayan shuka ya dawo, don haka ba shi da ko kunya guda ta gero a gona, kuma lokaci ne da kowane rumbu a garin ya yi ƙasa.

Masallaci yana zuwa, amma sahun baya, kuma da liman ya sallame sai ya sulale. Ciyayya kuwa ko kallon wurin ba ya yi. Da farko ya ce cikinsa ne, aka yi ta yi masa sannu. Baba ya sa aka kai masa damin gero, ya dawo da shi ya ce akwai sauran abin da ya zo da shi daga Kano. Babu ko ƙwaya! Matarsa ce ta faɗa wa Inna gaskiya ta kan danga, murya ƙasa-ƙasa, ina tsaye ina ji. Ɗan garin da ya rage, kunu take dama wa yara da shi. Ita da Baffa tafasa suke ci, ganyen nan da ke fitowa da kansa a bayan gida da damina, ta tsinko ta dafa ta barbaɗa gishiri. Sannan ta faɗi wadda ta fi muni. Baffa ya gama magana da wani direban motar shanu a Gwarzo, zai bi shi kudu neman aikin gadi, kuma jibi motar za ta tashi. Mutum mai furfura, mai wannan ƙirji, zai je ya riƙa kwana a waje cikin ruwan kudu. Ta ce ya gaya mata gara ya mutu a can da ya zauna hannu wofi a gaban mutanen da ya saba raba wa burodi.

Inna ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Da yamma ta tuƙa tuwo ta ƙara, ta kaɗa miyar kuka, ta ce in miƙa ta kafar danga. Dabarar ita ce matar Baffa ta juye a langarsu mai zanen fure, ta ce masa danginta na Garo ne suka aiko da gari, don ya samu abin fita da shi ciyayya. Mu uku muka ƙulla wannan, muna ta jin kanmu masu wayo, amma ba wadda ta tuna da daddawa. Inna ba ta sayen daddawa, da kanta take yi, kuma kaf layinmu ba hancin da bai san ta ba, balle na mutumin da ya girma yana cin tuwon matar yayansa. Yana ɗaga murfi ya mayar. Da kansa ya ɗauko langar ya zo bakin danga ya miƙo mini, ya ce, "A ce wa matar Yaya na gode. Ban fara roƙo ba tukuna."

Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ni kuma in akwai abin da ke tayar mini da aljanu, to kukan Inna ne. Haka na kwana ina cika ina batsewa.

Washegari bayan la'asar na zaga ta ƙofarsu. Na same shi a kan tabarma a tsakar gida yana ɗinke hannun wata tsohuwar jaka da allura. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata: ina wuni, ya jiki, ya tarin, ya ruwa, ya yara. Ya amsa duka da lafiya lau bai ɗago ba. Da gaisuwa ta ƙare na zauna daɓas a bakin tabarmar ba tare da an ce in zauna ba.

Na ce, "Baffa, ashe haka kake? Jiya Inna kuka ta yi."

Ya ce, "Uwata, ba ruwanki da wannan magana."

"Da ruwana mana! Ba ni ce uwarka ba? Uwa tana raye ɗanta zai hau motar shanu bai gaya mata ba?"

Sai ya ajiye allurar. Ya ce ƙuruciyarsa tana can masaƙar, ƙirjinsa ma yana can. Ya ce ranar da aka rufe, da safe suka zo kamar kullum suka tarar da ƙofa a garƙame, maigadin da suke gaisawa da shi kowace safiya ya ce an hana shi buɗewa. "Kamfanina, Uwata," in ji shi. "Kamfanin da na cika wa mutanen nan kunne da shi. Da wane ido zan kalli Baba Tsoho?"

Tausayi ya kama ni, amma fushina bai sauka ba. Na ce, "Shi mai kamfanin, ka taɓa cin abinci da shi?"

Ya dube ni kamar na zautu. "Ci? Ta gilashin mota nake hango shi in zai wuce."

"To wallahi ba kamfaninka ba ne."

Nan na kwance masa abin da na kwaso a kwaleji, ina nuni da hannu kamar ina gaban allo. Na gaya masa Rumawa, na gaya masa Faransawa, na gaya masa guntayen nan biyu, tare da kuma burodi. Na ce kalmar nan da ya shekara yana ɗauke da ita a baki, asalinta abokan ci take nufi, ba gini ba, ba inji ba. Na ce, "Kamfaninka yana ƙofar gida a gindin darbejiya, kullum suna waiwaye ko za ka fito. Kuma ba ni na ƙirƙira ba, Turancin da ka tura ni in koyo ne."

Ya ce, "Ikon Allah. Yau kuma Rumawa aka kawo mini har gida."

Na ɗauka korata zai yi. Sai na ga fuskarsa ta ɗan saki, ya fara wani zance daban, kamar ba da ni yake ba. Ya ce a masaƙa in an tashi hutun rana, akwai wata rumfa a bayan inda ake rini. Nan suke baje tsohuwar jarida, shi da wani ɗan Tibi da wani Bayarabe da wasu 'yan Zariya, kowa ya zube abin da ya zo da shi. Ɗan Tibin in matarsa ta dafa doya sai ya ware masa babba. Ya ce ranar da suka tarar da ƙofa a rufe, wannan ɗan Tibin ne ya riƙe shi har bakin titi.

Na ce, "Ka gani ko?"

Ya ce, "Na gani. Amma kin ji abin da na ce? Kowa ya zube abin da ya zo da shi. Ko Rumawan naki, ai sai da burodi a hannu. Ni me zan zube?"

Wannan kam ba a koya mini amsarta a kwaleji ba. Na buɗe baki ban san me zai fito ba, sai kawai na ji na ce, "Abin da kuke ci a gidan nan mana! Ko iska kuke ci?"

Matarsa da ke laɓe a bayan labule ta yi salati. Baffa ya ƙura mini ido. Na miƙe na kaɗe zanena na fita ina hawaye, ko sallama ban yi ba. An sha gaya mini cewa rashin kunya ce, Inna ma ta ce da ba don sunan da nake ɗauke da shi ba da ta fasa mini baki. Ni dai har yau ban janye ba.

Da magariba na kai wa Baba kwanonsa bakin zaure na miƙa wa ƙanena ya fita da shi, amma ban koma ciki ba. Na tsaya a bayan ƙyaure ina leƙe. An dawo daga masallaci, an baje tabarmi, an jera kwanoni. Baba Tsoho ya ɗaga sanda ke nan zai nuna, sai ya tsaya da ita a sama. Ga Baffa tafe daga lungu, riƙe da langar nan mai zanen fure da hannu biyu. Bai ba yaro ba, da kansa ya ɗauko. Ya yi sallama, aka amsa, ya ajiye ta a ƙarshen jeri, ya zauna can a gefen tabarma kamar baƙo. Ba wanda ya ce ya cikin naka, ba wanda ya ce kwana biyu.

Baba Tsoho ya sauke sandar. Ya tsallake kwanon Baba, ya tsallake na maƙwabcinmu mai shago wanda ake jin ƙamshin man shanu tun yana rufe, ya taɓa langar Baffa. Ya ce, "A fara da wannan."

Aka jawo ta tsakiya aka buɗe. Tafasa ce zalla, an dafa an matse, ba ƙuli-ƙuli, ba ɗigon mai, ba ko albasa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni na jawo. Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Baba Tsoho ya yi bisimilla ya ɗebi ƙatuwar loma. Haƙoransa sun ƙare, don haka ya daɗe yana mamula, kowa na jiransa. Da ya haɗiye sai ya ce, "Kai! Rabona da tafasa ta gaskiya tun uwata na raye. Matan yanzu sai su cika ta da ƙuli har ka rasa ganyen." Ya sake kai hannu. Sai hannuwa suka rufa a kai. Mai shago yana cewa a rage masa, wani yana ture hannun wani, Baba Tsoho yana zagin wanda ya fi shi sauri. Ba wanda ya ruɗi wani a wurin. Duk manoma ne, ba wanda shekarar fari ba ta taɓa kai gidansa ga tafasa ba, kuma kowa ya san abin da ganye ba mai yake faɗa game da gidan da ya fito. Sun sani, suka cinye. Baba shi ya kankare gindin langar da yatsa ya lashe.

Aka jawo kwanonmu aka buɗe, kowa ya sa hannu ban da Baffa. Baba Tsoho ya zungure shi a gwiwa da sanda. "Mun cinye naka kaf, za ka zauna kana kallonmu? So kake a ce mun zalunce ka? Matso, ɗan kamfani."

Baffa ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya goge ido da bakin riga, ya matso, ya sa hannu.

Na sha yin alfahari a rayuwata. Na yi ranar da aka miƙa mini takardar shaidar malanta, na yi ranar da ɗalibata ta farko ta dawo makarantarmu a matsayin malama. Amma ban taɓa jin kaina ya kumbura ba kamar yadda ya kumbura a bayan wannan ƙyaure. Ina alfahari da tsofaffin nan da ba wanda ya taɓa zama a aji a cikinsu. Ina alfahari da karatuna, da ya yi amfani a ranar da ake buƙatarsa. Amma wanda na fi alfahari da shi Baffa ne, don na san nauyin da yake ji lokacin da yake ajiye langar, kuma duk da haka ya ajiye.

Washegari, ranar da motar shanu za ta tashi, ina share tsakar gida da sassafe na ji sallama a ƙofar ɗakin Baba. Baffa ne, da tsohon wando da ya naɗe ƙafafunsa, ba jaka. Suka gaisa, an tashi lafiya, ya gajiya, ya ruwan jiya. Sannan ya hau sosa ƙeya kamar ƙaramin yaro.

Ya ce, "Yaya, ko akwai fartanyar da ba a aiki da ita?"

Baba ya ce, "Akwai. Sai dai ƙotar ta yi sako-sako."

"Kawo. Wanda ya gyara inji ba zai kasa ƙota ba."

Baba ya shiga ya ɗauko ya miƙa masa. Baffa ya juya ta, ya buga gindinta a ƙasa, ya saɓa a kafaɗa. Da zai wuce ni ya ce, "Uwata, a ajiye mana kunu, kuma ba na son tsararo." Suka fita, Baba a gaba, shi a baya yana tari, suka bi hanyar gonar wake.